Lambar da Aka Wanke da Sabulu

An yi wani mutum, ɗan sanda mai muƙamin sajan, wanda ya shekara ashirin da shida cikin kaki bai taɓa ɗaga hannu ya mari kowa ba. Ya 'yan uwa, ku riƙe wannan magana da kyau, domin shi ma da ita ya yi ta taƙama.

Ba a titi yake aiki ba. Wurin aikinsa wani ɗan ɗaki ne can ƙarshen baranda a hedikwatar 'yan sandan birninsu. Tebur ɗaya, kujera biyu, fanka mai kuka a sama, da kabad ɗin ƙarfe wanda ba ya rufuwa sai an danna shi da gwiwa. A kan teburin akwai tarin fom, da biro, da ɗan akwatin tawada na dangwala yatsa. Nan ne talaka ke zuwa idan ɗan sanda ya zalunce shi. Mutum ya faɗi abin da aka yi masa, sajan ya rubuta, ya karanta masa, ya dangwala yatsa, a ba shi 'yar takardar shaida mai hatimi. Fom kuma ya hau bene wurin kwamitin da ke hukunta ma'aikata. Ƙa'ida ɗaya ce ba a tsallake ta: dole a rubuta lambar da ke ƙirjin wanda ake ƙara. Idan lamba ba ta dace da kowa ba, maganar ta mutu.

Mutanen gari suna kiransa Sajan Sannu, don ba ya buɗe baki sai da ita. Ka shigo da kumburarriyar fuska, kafin ka zauna ya ce maka sannu sau uku. Ya miƙo maka ruwan sanyi a kofinsa na kansa. Ya juya fankar nan ta kalle ka. Wallahi akwai waɗanda suka shiga ɗakin suna kuka suka fito suna sa masa albarka. A masallaci kuwa sahun gaba ne wurinsa, idan ya makara har gurbi ake bar masa.

To, mene ne laifinsa? Ba ya cin hanci. Ba ya yaga takarda, ba ya ɓoye ta. Abin da yake yi ƙarami ne ƙwarai, bai fi motsin yatsu biyu ba. Idan aka zo kan lamba, sai ya musanya biyun ƙarshe. Ta gaba ta koma baya, ta baya ta dawo gaba. Idan ya zo karantawa sai ya faɗi ta gaskiya, mai ƙara ya gyaɗa kai, ya dangwala. Bayan wata biyu takarda ta sauko daga bene da jan rubutu: ba a sami mai wannan lamba a wurin ba a ranar.

Kuma ya lura da wani abu. Talaka ko bai yi boko ba yakan san lamba, don yana ganinta a jikin mota da ƙofar shago. Saboda haka Sajan Sannu ba ya rubuta lamba da lamba. Da haruffa yake rubuta ta, doguwa, cikin rubutunsa mai kyau. Waɗanda suka iya karatu kuwa, su yakan rubuta musu daidai, amma su nawa ne? Don kada wani ya zo da ɗan rakiya mai ido, shi da kansa ya rubuta sanarwa ya manna a ƙofa: mai ƙara kaɗai ke shiga.

Idan zuciyarsa ta motsa, yana da amsar da yake ba ta. Yakan ce, ai rufa wa ɗan uwa asiri nake yi. Mutum da iyali, a kore shi daga aiki saboda mari ɗaya? Mai ƙara ya huce, abokin aiki ya tsira, kowa ya tafi gida. Da wannan yake kwana, kuma barcinsa yake sha har da minshari.

A cikin waɗanda ya rufa wa asirin akwai wani kofur da ake yi wa laƙabi da Tafi. Shi ba ya mari da hannu ɗaya. Tafukansa biyu yake haɗawa a kan kunnuwan mutum lokaci guda. Lambarsa huɗu, ɗaya, bakwai, biyu. Sau goma sha ɗaya aka kawo ƙararsa ɗakin nan, sau goma sha ɗaya ta hau bene a matsayin huɗu, ɗaya, biyu, bakwai.

Ɗaya daga cikin masu ƙarar wani bakanike ne, mai gareji kusa da tsohuwar tashar bas. Mutum ne da Allah ya ajiye wa abincinsa a kunne. Sai ya ɗora bakin sukudireba a kan inji, ya kanga kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido, ya gaya maka abin da ke damun motarka tun ba a kwance ko noti ɗaya ba. Wata rana yana gwada motar wani ta mutu masa a mahaɗar titi. Tafi ya ce ya kawar da ita. Bakanike ya ce, "Ranka ya daɗe, minti ɗaya, yanzu za ta tashi." Bai rufe baki ba ya ji duniya ta yi ɗif.

Jini na fita ta kunnuwansa, amma ya ɗaga ido ya kalli ƙirjin kofur ɗin. Ba shi da biro, ba shi da takarda. Sai ya tsoma yatsa a baƙin mai, ya zana lambar a cikin damtsensa na hagu. Kwana uku yana asibiti bai yarda ruwa ya taɓa wurin ba. Ma'aikaciyar jinya ta yi faɗa har ta gaji, matarsa ta ce zai lalata zanen gadon mutane. Shi dai ya naɗe hannun da leda ya ce sai ya kai ta inda za a karɓa.

Rana ta huɗu ya shigo ɗakin Sajan Sannu, auduga a kunnuwa, yana magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa. Ya kwance ledar, ya ɗora hannunsa a kan tebur.

"Ga ta nan, ranka ya daɗe. Ban bari ko ɗigo ya goge ba."

Sajan ya dubi lambar, ya gane ta. Ya ce sannu. Ya ba shi ruwa. Ya rubuta komai daidai, mahaɗar titin, da lokacin, da jinin, sannan ya zo kan lamba ya yi abin da ya saba. Ya sunkuya a kunnen dama, wanda ke ɗan ji, ya karanta masa ta gaskiya. Bakanike ya dangwala yatsa.

Nan ne, ya 'yan uwa, ya yi abin da idan na tuna shi tsikar jikina ke tashi. Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko sabulun da yake wanke hannu da shi, ya miƙa wa bawan Allahn nan.

"Ga famfo can a baranda. Je ka wanke, ka huta. Ta riga ta shiga takarda."

Bakanike ya karɓa da hannu biyu. Ya tsaya a bakin famfo yana cuɗawa, baƙin ruwa na gangarawa cikin kwata, yana ta yi wa sajan addu'a. Sajan kuwa ya danna kabad da gwiwa, ya tafi sallar azahar.

Shekaru suka tafi. Tafi ya zama saje, ya zama sufeto, tunda fayil ɗinsa babu ko tabo. Sajan Sannu ya yi ritaya, aka yi masa walima, aka ba shi agogon bango. Teburin ya koma hannun mataimakinsa, wani dattijon kofur da ya shekara takwas a gefensa yana jera takardu yana kallo.

Ba a daɗe ba ciwon suga ya taɓa masa ido. Da farko rubutu ya fara yi masa hazo, daga baya fuskoki, a ƙarshe ko agogon nan bai iya gani sai dai ya ji bugunsa. 'Ya'yansa biyu ne. Babbar malamar makaranta ce. Autan kuwa direba ne, yana kai wa shaguna kaya a wata ƙaramar motar ɗaukar kaya, kuma shi ne mai kai uban asibitin ido duk ranar da likita ya sa. Yana da ban dariya, kullum cikin tsokanar tsohon yake. Yakan ce, "Baba, kai da ba ka gani ma ka fi ni sanin ramukan titin nan, ko in ba ka tuƙin ne?"

Wata safiya suna kan hanyar asibiti aka tsayar da su a shinge. Tsoho na zaune a gaba. Ya ji an ce wa ɗansa ya fito. Ya ji ɗan yana cewa, "Ranka ya daɗe, mahaifina nake kai wa likita, ga takardun." Sannan ya ji muryar da ta amsa. Ya san muryar nan. Ya sha jin ta a baranda tana cewa, Sajan, na gode fa.

Ya buɗe baki zai ce, kai, ni ne, ɗana ne. Kafin kalmar ta fito ya ji ƙarar tafi, ɗaya tak. Ya ji jiki ya faɗi, ya ji kai ya bugi bakin kwalbati. Daga nan sai gudun ƙafafu, kowa ya watse. Ya lalubo ƙofa ya fito, yana rarrafe a kan kwalta yana kiran sunan ɗansa, har hannunsa ya faɗa cikin wani abu mai ɗumi.

Kwana huɗu autan ya yi bai farfaɗo ba. Rana ta biyar aka kai shi makwancinsa.

Ya 'yan uwa, wa ya ajiye mutumin nan a shingen? Wa ya share masa hanya sau goma sha ɗaya, har ya kai wannan safiya da hannuwansa biyu lafiya lau? Tsohon bai buƙaci malami ya gaya masa ba.

Da aka share makoki ya ce wa 'yarsa ta kai shi hedikwata. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: a rubuta jinin ɗansa a kan lambar gaskiya. Ba ya buƙatar ido don wannan, babu lambar da ya haddace kamarta. Suka bi barandar da ya sani taku da taku. A bakin ƙofa aka tare 'yar.

"Malama, ki ɗan jira a benci. Mai ƙara kaɗai ke shiga."

Ta karanta sanarwar, ta ce, "Baba, wannan kamar rubutunka ne."

Ya shiga, aka zaunar da shi a kujerar da bai taɓa zama a kai ba. Ashe ƙafarta ɗaya gajera ce. Shekara ashirin da shida mutane na lilo a kanta a gabansa bai taɓa sani ba. Tsohon mataimakinsa, wanda yanzu shi ne saje, ya ce, "Sannu, Baba. Sannu. Allah ya jiƙansa. Sannu." Aka sa masa kofi mai sanyi a hannu. Ya ji an juyo masa da fanka.

Ya faɗi komai, biro na tafiya. Ya zo kan lamba ya faɗe ta a hankali: huɗu, ɗaya, bakwai, biyu. Sannan ya kasa kunne. Wanda ya yi rabin rayuwarsa a teburin nan ya san kukan biro. Lamba huɗu ɗan motsi ne sau huɗu, shi ke nan. Amma biron nan ya kama hanya, yana ta ja, yana ta ja, bai tsaya ba.

"Da lamba za ka rubuta," in ji tsoho. "Ba da harafi ba."

"Haba Baba, ai ɗaya ne. Bari in karanta maka."

Ya karanta, daidai da daidai. Huɗu, ɗaya, bakwai, biyu. Har inda yake ɗan tsayawa ya ja numfashi irin na Sajan Sannu ne.

"Kira 'yata ta duba."

"Ka san ƙa'ida, Baba." Saje ya sassauta murya. "Mutumin nan 'ya'yansa shida, shekara biyu ta rage ya yi ritaya. Wanda ya tafi ya riga ya tafi. Ni dai yadda na ga kana yi nake yi. Kawo yatsan."

Tsoho ya fizge hannunsa. Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ya miƙe yana ihu, har fanka ba a ji. Ya ce ni na musanya! Sau goma sha ɗaya na musanya masa! Ni na bar shi a titi! Ƙofar katako ce, ba ta tare komai. 'Yarsa na kan benci, ta ji kowace kalma.

Ita ta hau da shi bene wurin kwamiti. Suka karɓe shi da girmamawa, suka ɗauko fayil ɗin sufeto, suka buɗe. Fari fat. Shugabansu ya ce, "Dattijo, ba mu ƙi taka ba. Amma kai ba ka ga fuska ba, murya ka ji. Waɗanda suka gani ba wanda ya zo. Tsofaffin takardun kuma kowacce da yatsan mai ita, da sa hannunka cewa ka karanta masa ya yarda. Ka kawo mana ko mutum ɗaya cikin sha ɗayan, wanda zai tsaya ya ce ga lambar da na faɗa. Sai mu buɗe."

Goma daga cikinsu ko fuskarsu bai riƙe ba tun yana da ido. Ɗaya kaɗai ya tuna, saboda ledar nan.

Washegari da hantsi 'yar ta ja shi zuwa tsohuwar tashar bas. Tun da suka bar hedikwata ba ta ce masa komai ba sai abin da ƙafarsa ke buƙata: Baba, tudu. Baba, rami. Garejin yana nan, amma ya koma hannun wasu. Suka nuna musu bakaniken, ya tsufa, yana bayan rumfa, zaune kan tsohuwar taya, yana wanke notuna a cikin kwanon fetur. Kunnen dama ya daɗe da bin na hagu. Injin tirela zai tashi a bayansa bai waiga ba.

Yana ɗaga kai ya gan su, sai fuskarsa ta washe. Ya miƙe da sauri har kwano ya kusa kifewa.

"Sajan Sannu! Mutumin kirki! Kai, jama'a, ku zo ku ga wanda ya ba ni ruwa a kofinsa! Me ya sami idon?"

Sajan Sannu ya zube a kan gwiwoyinsa cikin ƙasar garejin. Ya faɗi abin da ya yi, tun daga biro har sabulu. Ya roƙi gafara. Ya ƙara murya, ya sake ƙarawa, har masu aiki suka ajiye sifana suna kallo. Bakanike na tsaye yana murmushi yana gyaɗa kai, yana ta ƙoƙarin ɗaga shi. Ko harafi ɗaya bai shiga ba. 'Yar ta ciro takarda za ta rubuta masa, wani ya ce, "Malama, ba ya karatu. Lamba kawai ya sani."

Sai tsoho ya laluba har ya sami gwangwanin baƙin mai. Ya tsoma yatsa. Ya kamo hannun hagun bakanike, ya juya cikin damtsen, ya zana a hankali, yana kuka: huɗu, ɗaya, bakwai, biyu.

Bakanike ya daɗe yana kallo.

"Wannan lambar mota ce?"

'Yar ta nuna kunnenta, ta haɗa tafukanta biyu.

"Au, waccan!" Ya yi dariya. "Ita ce? Wallahi ban sani ba. Ai tun ranar na sake ta. Kai ka ce in wanke, ta shiga takarda. Har yau dai ba su kira ni ba, amma na san ba laifinka ba ne, kai ka yi iyakar ƙoƙarinka." Ya dubi hannun tsoho. "Kash, dubi yadda ka ɓata yatsanka. Tsaya."

Ya ɗauko guntun sabulu da butar ruwa. Ya tsuguna, ya riƙe yatsan nan da ya musanya masa lamba, ya wanke shi tas, har ƙarƙashin farce.

Ba a buɗe fayil ba. Tsohon yana nan da rai, aka ce, a wani ɗaki a gidan 'yarsa. Tana ba shi abinci, tana kai shi likita, ba ta taɓa tauye masa hakkinsa na uba ba. Amma hira ta ƙare tsakaninsu. Yana zaune yana jin bugun agogon da aka ba shi, leɓɓansa na motsi da lamba huɗu.

Ya 'yan uwa, ku dubi ikon Allah ku ji tsoro. Bai aiko masa da tsawa ba. Da kayan aikinsa aka kama shi, ɗaya bayan ɗaya: sanarwar da ya manna, da biron da ya koyar, da fayil ɗin da ya tsarkake, da sabulun da ya miƙa. Ya nemi adalci ya tarar shi ya toshe hanyarsa. Ya nemi gafara ya tarar kunnen da zai ji roƙon, shi ya bari aka kashe. Wa ya isa ya shirya wannan in ba Mai sama ba?

Kada wani ya ce ni ba ɗan sanda ba ne. Na ga wasunku suna waige, suna neman mai kaki a cikin sahu. Bar waigen, ɗan uwa, da kai nake. Kai da aka ba amanar saƙon wanda bai iya rubutu ba, kai da kake tsakanin mai rauni da mai iko a ofis, ko a asibiti, ko a cikin gidanku, me kake isarwa? Rufa asiri alheri ne idan laifin tsakanin bawa da Ubangijinsa yake. Idan akwai wanda ke zubar da jini ko hawaye a ƙarƙashinsa, to ka zama abokin tarayya, ko da kuwa sannu dubu ka ce. Kuma hakkin mutum ba ya sauka da sallar sahun gaba, sai mai shi ya yafe. Ka je ka roƙe shi yau, tun yana ji, tun kana gani.

Ya Allah, kada ka sa wanda muka cuta ya riƙa yi mana addu'a bai sani ba. Kada ka rufe mana ƙofar tuba da hannunmu. Ka sa abin da muke faɗa da abin da muke rubutawa su zama ɗaya. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga abin da muka bari a hanya. Amin.